Sharhi kan aikin kunna IPv6 a sabar cibiyarmu

Cibiyar kwamfutar da muke gudanarwa a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim tana da saba guda (kwamfutar da sauran na'urori ke shiga don samun bayanai), wadda aka harhaɗa manhajarta ta Linux da hannu, aka zubar da duk abin da ake ganin bai zama dole ba domin kada ta yi wa tsohuwar na'urarmu nauyi. Cikin abin da aka zubar har da IPv6, wato sabon tsarin bai wa na'urori adireshi a intanet, kuma da buƙatarsa ta taso sai muka ɗauko wani matashin injiniya daga Kano.

Tsohon tsari na IPv4 adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, hukumar IANA mai rabon adireshin intanet a duniya kuma ta raba na ƙarshen da ke hannunta tun a Fabrairun 2011. Shi ya sa kamfanonin sadarwa suke cusa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, har ta kai malamanmu ba sa iya shiga sabar daga gidajensu.

Abin da ya fara burge ni shi ne injiniyan bai ce mu goge komai mu ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux da ke zuwa a haɗe, ba, kamar yadda da yawa za su ce don su huta. Ya duba zuciyar manhajar, ya tarar an kashe CONFIG_IPV6, wato zaɓin da ke kunna IPv6, tun wajen harhaɗawa, ya kunna shi ya sake harhaɗa ta, sannan ya bar tsohuwar a jerin zaɓin tashi domin a iya komawa gare ta in an sami matsala, saboda ya lura da sola muke aiki kuma batirinmu yakan gaza da yamma.

Inda ya fi nuna ƙwarewa shi ne tsaro. Ya bayyana mana cewa dokokin iptables (manhajar da ke tace abin da ke shiga da fita daga sabar) da muka daɗe muna dogaro da su ba su shafi IPv6 ba ko kaɗan, don haka duk wanda ya kunna sabon tsarin bai rubuta na ip6tables, takwararta ta IPv6, ba ya kulle ƙofar zaure ne ya bar katanga a rushe. Ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya, amma bai toshe ICMPv6, tsarin saƙonnin da na'urori ke aika wa juna, ba, domin da shi na'urori suke gane maƙwabtansu a wannan tsari, aikin da ARP yake yi a tsohon. Bayan haka ya ƙara bayanin AAAA a sunan sabar, wato bayanin da ke haɗa sunan da adireshinta na IPv6.

Sai dai akwai inda ya gaza. Layinmu ba ya ba da IPv6, kuma maimakon ya tabbatar da hakan tun kafin ya taso, sai ya ɓata lokaci yana gwada ramin kamfanin Hurricane Electric, wato hanyar da ke ɗauko IPv6 ta cikin layin IPv4, alhali irin wannan rami yana buƙatar adireshin IPv4 na kanka, wanda ba mu da shi. A ƙarshe ya haɗa mu da wata sabar haya a waje ta WireGuard, manhajar da ke buɗe amintacciyar hanya tsakanin na'urori biyu. Hanyar tana aiki lafiya, amma ta zo da kuɗin wata-wata da dala, abin da bai ambata ba lokacin ciniki.

Kuɗin aikinsa bai yi tsada ba, kuma yana amsa waya. Duk da haka, wanda zai ɗauke shi ya sa sharaɗin a rubuta masa duk abin da aka canza, domin mu sai da muka yi ta bibiya kafin ya turo mana.