Na biya kuɗin shekara don farautar akwati a kogin Isa, ashe malam ya riga ni

Taurari biyu na yi niyyar ba manhajar nan ta geocaching, wasan farautar akwati da waya, su ma da ƙyar. Amma bari in faɗi yadda aka yi tukuna.

Ɗan ƙanwata ne ya jawo min. A Nuyok aka haife shi, ya zo Yamai hutu, kwana uku bai bar kunnena ya huta ba da zancen geocaching. Wai wasa ne: wani ya ɓoye ɗan akwati a wani lungu, ya sa lambobin GPS na wurin a intanet, kai kuma ka bi waya har ka gano shi. Akwai takarda a ciki, ka rubuta sunanka da kwanan wata, in ka ɗauki abu ka bar wani a madadinsa, ka mayar yadda ka tarar. Ba kuɗi, ba zinariya. Tun watan Mayun 2000 ake yinsa, lokacin da Amurka ta daina dagula wa farar hula siginar GPS, wani mutum a jihar Oregon ya ɓoye bokiti a daji ya ce a nemo. Yanzu akwatunan sun haura miliyan 3 a duniya.

Duk wannan bai dame ni ba sai da ya nuna min hoton inda ya samu akwatinsa na farko: kusa da wata ƴar jar hasumiyar ƙarfe, irin mai fitilar haska wa jirage hanya, a bakin kogin Hudson. Tsawonta kamar mita 12, an kafa ta a wurin a 1921, bayan shekara 10 aka buɗe gadar Joj Washinton a bisa kanta, fitilun gada suka kashe mata kasuwa. Har an so sayar da ita, yara suka yi ta aika wasiƙu sai da aka fasa. Ya ce, "Kawu, ku ma ai kuna da kogi da gada." Mu dai ba mu da hasumiya, masuntanmu da tocila suke aiki, amma maganar ta shige ni.

Na sauke manhajar. Ta kyauta ta nuna min ɗigon wasu akwatuna a kan taswira, sauran a kulle sai ka biya. Na roƙi wani abokina mai katin banki ya biya min kuɗin shekara, kuɗin da zai sayi buhun shinkafa har da canji. Da ta buɗe, abin da ya ƙaru kusa da mu bai kai yatsun hannu ɗaya ba. Nan na fara jin an ci ni. Ɗaya dai ya ja hankalinmu, a wani tsibiri sama da gadar Kennedy, wajen Gudel. Wahalar wurin lamba 5 ce, wadda ake ba inda sai da jirgin ruwa ko igiya ake kai wa. Wanda ya sa hannu na ƙarshe tun 2019 ne. Yaron ya ce hakan ma ya fi daɗi. Ni da na girme shi da shekara 30 na biye masa.

Watan Janairu ne, ga hunturu, kogi ya cika da ruwan da ke gangarowa daga Gini. Muka yi ciniki da mai kwalekwale jika 5 zuwa da dawowa. Kafin mu kai tsakiyar ruwa rezo ya ɗauke, batir kuwa kamar ana tsotsarsa, daga 80 ya dawo 30. Da muka sauka, kibiyar manhajar ta riƙa juyi kamar ta sha ƙwaya: mita 6, ka taka biyu ta ce mita 11. Alamar da mai akwatin ya bari da Faransanci ita ce a duba cikin tsohuwa. Tsohuwa ɗaya ce a wurin, wata tsamiya mai kogo. Na naɗe hannun riga na zura har kafaɗa, ina bisimilla don tsoron kunama, ban fito da komai ba sai kashin jemage.

Ashe wani dattijo da ke gyaran koma yana kallonmu tun ɗazu. Ya yi mana Zabarmanci, da ya ji bakina ya juya Hausa, mutumin Gaya ne. Ya ce, "Samari, me kuka ɓatar a cikin tsamiya?" Na gaishe shi na yi bayani iya iyawata, ina jin kunyar maganar tana fita daga bakina. Ya yi shiru, ya ajiye komar, ya ƙwala wa matarsa kira: "Ɗauko min abin nan na tsamiya."

Sai ga ta da akwatin roba mai murfi, riƙe da shi nesa da jikinta.

Wai jikansa ne ya zaro shi daga kogon, gabanin ambaliyar 2020 da ta ci Lamorde. Suka buɗe, ga takarda cike da sunaye da rubutun boko, kowane suna da kwanan wata, ga ƴar tsana, ga mabuɗi, ga kwabon wata ƙasa. To don Allah, kai ne ka tsinci wannan a kogon tsamiya, me za ka ce? Sammu, ba ko tantama. A shekarar kuma saniyarsa ta mutu. Inna, matar tasa, ta ɗora wa maƙwabciyarta, gidajen biyu suka kusa shekara ba ko gaisuwa. Aka ɗauko malami daga Harobanda, ya yi addu'a, ya ƙone takardar, aka yi sadaka. Akwatin kaɗai Baba ya hana a ƙona, don ya lura ruwa ba ya shigarsa. Yanzu ƙugiyoyi da ashana yake ajiyewa a ciki.

Ɗan ƙanwata kamar ya yi kuka saboda takardar. Ni kuwa dariya har sai da na zauna a ƙasa. Baba ya dube ni ya ce, "Yaro, yanzu kana nufin wasa ne? Zakara biyu fa na yanka." Inna ba ta ce uffan ba, ta ja mayafi ta fita, can sai ga ta da maƙwabciyar, aka sa ni na sake bayanin daga farko. Aka soya mana giwan ruwa da yaji, wanda rabona da irinsa tun ina yaro. A kan tabarmar nan na ce wa yaron taurari huɗu zan bayar, don ba don manhajar ba da ban taɓa taka tsibirin nan ba, ni da nake hango shi daga gada shekara da shekaru.

Sai da muka koma bakin ruwa raina ya sake ɓaci. Mai kwalekwale ya ce mun zaunar da shi, sai an ƙara jika 3, waya kuma ta mutu, ba wanda zan kira. Na biya. A gida na rubuta rahoto cewa akwatin ba ya nan, na duba mai shi, ashe ya yi shekaru bai leƙo ba, da alama ya bar ƙasar. To me ya hana manhajar gaya min haka kafin ta karɓi kuɗina? Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, kuma maɓallin hana ta sake cirar kuɗi baɗi sai da abokina mai kati ya yi rabin awa yana lalube, yana yi min mita a waya.

Taurari biyu ɗin dai. Jiya na sake dubawa, ɗigon yana nan a kan tsamiya. Duk wanda ya bi shi ya nemi Baba mai koma, ya ce zai nuna akwatin, amma a riƙo masa ƙugiya.