Bugun zuciya mara tsari: na kafin tiyata da na bayanta

Wata 'yar'uwa daga Garwa ta tambaya game da ƙaninta. Ƙofar zuciyarsa ta hagu, wadda likitoci ke kira mitral, ta tsuke, an rubuta masa ACFA a takardar asibiti, wato bugun zuciya mara tsari, kuma an sa ranar tiyata. Tana so ta san ko aikin zai daidaita bugun, da kuma abin da ya bambanta kulawar yanzu da ta bayan an sallame shi.

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ƙofa za a gyara ko a sauya, bugun kuwa yana iya daidaita, yana iya zama yadda yake. Idan aka taɓa jijiyar hannu, na kafin tiyata da na bayanta kamarsu ɗaya, amma asalinsu daban, makomarsu ma daban.

Na kafin tiyata tsohon ciwo ne ya haife shi. A yankinmu yawanci ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya da bai samu penisilin ba, ya bar tabo a ƙofar zuciya. Ƙofa ta tsuke, jini ya riƙa taruwa a ɗakin sama na hagu, ɗakin ya yi ta buɗewa shekara da shekaru har saƙon lantarkin da ke tsara bugu ya watse. Illa biyu ke biyo baya. Idan zuciya na gudu, jini ba ya samun lokacin ratsa tsukakkiyar ƙofa, sai ya koma huhu, numfashi ya gagara. Shi ya sa ake ba da bisoprolol, atenolol ko digoxin, a riƙe bugun ƙasa da 110 a minti idan mutum yana hutawa, sau da yawa ma likita zai so ƙasa da haka. Ta biyun ta fi muni: jinin da ya kwanta a ɗakin yakan daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Faɗuwar gaba ce ke tsorata iyali, amma gudan jinin nan shi ne abin tsoron.

Na bayan tiyata kuma raunin aikin ne ke tayar da shi, har ga wanda bai taɓa yi ba. Kusan mutum 1 cikin 3 na samunsa, masu aikin ƙofa sun fi haka, kuma ya fi zuwa a kwana na 2 zuwa na 4. Jakar da ke lulluɓe da zuciya ta kumbura, potasiyom da magneziyom sun ragu, ga zafin ciwo, ga ƙarancin jini. A asibiti ana cike gishirin da ya ragu, a ba da amiodarone, wato Cordarone, wani lokaci a maido da bugun da girgizar lantarki bayan an sa mutum barci. Yawancin wannan sabon yakan wuce cikin mako 6 zuwa 8.

To ƙaninki fa? Wanda ya daɗe da ACFA, ɗakin ya riga ya buɗe sosai, galibi yakan fito da abinsa. Don haka tun yanzu a tambayi likitan tiyata ko za a haɗa da aikin Maze, wanda Dakta James Cox ya fara a 1987, inda ake yin layukan tabo a bangon ɗakin don tare saƙon da ya ɓace, da kuma ko za a rufe 'yar aljihun ɗakin da gudan jini ya fi kwanciya a ciki. Ba kowace cibiya ke yi ba, ko a Shisong ne, a arewa maso yammacin Kamaru, inda aka buɗe cibiyar zuciya a 2009, ko Duwala ko Yawunde.

Maganin tsinka jini shi ne inda kuskure ya fi yawa. Kafin tiyata ana so INR, wato gwajin da ke nuna yadda jini ya tsinke, ya tsaya tsakanin 2 da 3, da ƙwayar Sintrom, Préviscan ko Coumadine. Ana dakatar da Coumadine wajen kwana 5 kafin aiki, Sintrom ya fi saurin fita daga jiki, a cike giɓin da allurar heparin. Asibitin da zai yi aikin ne ke sa ranar, ba gida ba. Bayan tiyata, irin ƙofar da aka sa ce ke yanke hukunci. Ta ƙarfe a gurbin mitral tana buƙatar maganin har ƙarshen rai, INR yawanci 2.5 zuwa 3.5. Ta nama ko gyara ba sauyi, wajen wata 3, sai dai idan ACFA ɗin na nan, a ci gaba. Sababbin ƙwayoyin da ba su buƙatar gwaji, irin rivaroxaban, ba na mai ƙofar ƙarfe ba ne, kuma binciken INVICTUS na 2022 ya nuna tsohon maganin ya fi rivaroxaban amfani ga masu irin ciwon ƙaninki. Duk wanda ya ce a sauya don a huta da gwaji, kada a saurare shi.

Cordarone yana ƙara wa maganin tsinka jini ƙarfi, kuma yakan yi watanni bai gama fita daga jiki ba. Wanda aka sallama da su biyun, INR ɗinsa kan yi ta hawa a makonnin farko, sai a ga dasashi na jini, haɓo, fitsari ja ko bayan gida baƙi. A wannan lokaci gwaji kowane mako ne, wani sa'in sau 2, sai ya zauna sannan a koma wata-wata. Flagyl, Bactrim da tramol suna ɗaga INR. Rifampicine na tarin fuka yana rusa shi. Diclofenac da ibuprofen na jawo zubar jini a ciki, a tsaya ga paracetamol. Zazzaɓin cizon sauro ma sai an kula: kinin da Coartem ba su cika jituwa da Cordarone ba, kinin kuma yana ƙara yawan digoxin a jini. A yi gwajin zazzaɓin, a nuna wa likita takardar magunguna kafin a sha komai.

Batun miya, mutane sukan wuce gona da iri. Zogale, alayyafo, lalo da sauran ganye suna da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin maganin, amma ba a hana su ba. A ci daidai yadda aka saba kullum. Abin da ke rikita INR shi ne a yi mako babu ganye, sannan a kwana uku ana cin kwaɗon zogale. Goro da shayi mai kauri a rage, jiƙe-jiƙen gargajiya a bar su gaba ɗaya.

Akwai abin da kusan sai bayan tiyata ake gani: bugu ya yi sanyi fiye da kima. Hanyar lantarkin zuciya tana wucewa dab da inda ake ɗinka ƙofa, kumburi ko ɗinki na iya taɓa ta. Shi ya sa ake barin siraran wayoyi a ƙirji na 'yan kwanaki, kaɗan daga cikin marasa lafiya kuma sai an dasa musu batirin zuciya. Idan a gida bugu ya sauka ƙasa da 50 tare da jiri, ko mutum ya suma, asibiti nan take. Haka nan idan a mako na 2 ko na 3 bugu ya ƙaru, numfashi ya yi wuya, jiki ya yi sanyi: ruwa ko jini na iya taruwa a jakar zuciya, eko, wato hoton zuciya, ne zai nuna. Karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu, kafin tiyata ko bayanta, ba a jiran gari ya waye.

Ƙirgen bugu a gida, da yatsu biyu a wuyan hannu, minti ɗaya cur, safe da yamma, a rubuta a littafi. Na'urar awon hawan jini tana yawan kuskure idan bugu ba tsari. Mai shan Lasilix, maganin fitar da ruwa daga jiki, da digoxin a zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, gudawa ko amai na kwana ɗaya kan zubar masa da potasiyom, digoxin ya koma guba: tashin zuciya, ƙin abinci, ganin abubuwa rawaya-rawaya. Azumi sai da shawarar likita. Allurar penisilin ta Extencilline, wadda ake yi duk mako 3 ko 4, ba ta ƙarewa don an sa sabuwar ƙofa, sai dai mai yin allurar ya san yana shan maganin tsinka jini.

Kafin ku kama jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere, ku karɓi rahoton tiyata, ECG, wato awon lantarkin zuciya, na ranar sallama, katin da ke nuna irin ƙofar da INR ɗin da ake so, da ranar da za a sake duba Cordarone. Ku kuma san ɗakin gwajin da zai yi masa INR a Garwa da likitan da zai karanta sakamakon ya gyara adadin ƙwaya, domin gwajin farko bai kamata ya wuce kwana 3 zuwa 5 da sallama ba.