Asibitin matan nan na Jos da ke ɗaukar ciwon mara da muhimmanci

'Yan uwa mata na Jos, in al'ada na wahalar da ke ko 'yarki, akwai wani ƙaramin asibitin kuɗi ta wajen Zariya Road da ni dai na yaba da aikinsu, don ba irin wurin da za a miƙa miki farasitamol a ce "in kin yi aure zai daina" ba ne.

Abin da ya fi burge ni, ba likita ɗaya ke ganinki ba. Likitar mata ta fara, sai awon jini, sai sikanin, sannan a tura ki wurin mai ba da shawarar abinci, har da wata da ke tambayarki barci da yawan damuwa, wai su ma suna rikita al'ada. Kuma duk kati ɗaya suke rubutu a ciki, kowa na ganin abin da ɗan uwansa ya rubuta.

Ƙanwata na raka, wadda duk wata sai ta kwanta har makaranta take fashi. Likitar ta tambaye ta kwana nawa take yi, ta amsa ba gargada, ai saboda sallah duk muna lissafi. Sai ta ce to audugar fa, sau nawa kike canzawa, akwai gudaji? Ta jawo fatar idonta ta ƙasa ta nuna min, wallahi fari fat. Ta ce tsakanin wata al'ada da wata kwana 21 zuwa 35 ba matsala, amma jinin da ya wuce kwana 7 ko audugar da ke jiƙewa duk awa ɗaya ko biyu, wannan na asibiti ne. Mu kuma a gida kwana 15 ɗin da malamai ke faɗa muka riƙe, shi hukuncin ibada ne, bai ce jikinki lafiya yake ba.

Ita dai ƙarancin jini aka samu, mahaifa lafiya. Amma likitar ta yi mana bayanin faibroid, wato ƙarin da ke tsirowa a mahaifa, da ya yi yawa a matan baƙar fata, da endometiriyosis, wato nama irin na cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, da ke kama kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, kuma sikanin ma ba kullum yake nuna shi ba. Mai abinci ta ce hanta, wake, zogale, alayyahu, a haɗa da lemu, kuma a daina kora maganin ƙarin jini da shayi don yana hana jiki tsotsarsa. A sanyin Jos a raba mutum da shayi, aiki ne, amma tazara kawai ta ce a bayar.

Inda suka gaza, jira. Layin sikanin ya yi tsawo, mai yin kuma namiji ne, wanda na san zai hana wasu zuwa, ya kamata su nemo mace. Kuɗin ma ba na kowa ba ne gaskiya. In za ki, ki tafi da sassafe, ki riƙo lissafin watanninki na baya a takarda, shi za su fara tambaya.