Injin wanke-wanken da na saya da sabulun da nake zuba masa

Injin da na ɗauko mai faɗin santimita 60 ne, wanda yake cin kwanukan mutum 13 a zama ɗaya. Akwai siriri mai santimita 45, amma da na gwada saka babbar tukunya a cikinsa sai na ga ta cinye kusan rabin kwandon ƙasa, na haƙura da shi. Cikin nawa ƙarfe ne da ba ya tsatsa, yana da kwando na uku a can sama don cokula da wuƙaƙe, kuma ƙararsa desibel 44 ce, ana hira a kicin ba tare da ɗaga murya ba. Idan ya gama yakan buɗe ƙofarsa da kansa kaɗan don tururi ya fita. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin kofunan roba ba sa riƙe zafi, kuma su ne suka fi wuyar bushewa.

Tsarin da aka rubuta wa Eco shi nake amfani da shi kullum. Yana shan ruwa wajen lita 10 kacal, amma yana ɗaukar sama da awa 3. Jinkirin nan da gangan ne: ruwan ba ya wuce zafin digiri 50, sai a bar sabulu ya daɗe yana aiki a maimakon a ƙona wuta wajen dafa ruwa. Tukwane masu maiƙo sosai kuwa ina kai su tsarin digiri 70. Abin da bai yi mini ba a injin shi ne haƙoran kwandon ƙasa sun matsu, faranti mai zurfi ba ya tsayawa daidai.

Inda aikin yake shi ne zaɓen sabulu, kuma mai sayarwa bai ce mini komai a kansa ba. Sabulun wanke-wanke na hannu dai ba ya shiga injin nan ko ɗigo, don kumfarsa takan cika ciki har ta malalo ta ƙofa. Na inji iri uku ne: gari, na ruwa mai kauri, da dunƙulalle wanda ake jefa ɗaya a kowane wanki.

Na ruwan shi ne mafi rauni a hannuna. Sabulu mai kyau yana buƙatar abu biyu. Akwai sinadaran inzayim masu narkar da ragowar ƙwai da sitaci, akwai kuma bilic mai cire jirwayen shayi daga kofi. A cikin ruwa biyun nan ba sa zama tare, bilic yakan kashe inzayim, shi ya sa yawancin sabulun ruwa ɗaya kawai yake ɗauke da shi. A gari da dunƙule kuwa a bushe suke, kowa yana nan lafiya har sai ruwa ya taɓa su. Kofunan shayina sun nuna bambancin nan ƙarara.

Dunƙulen yana wanki tas, ba na musu, ga kuma sauƙi. Matsalata da shi ita ce awonsa ɗaya ne, ko inji ya cika maƙil ko faranti shida ne a ciki. A gajeren tsari kuma wani lokaci ba ya gama narkewa. Sannan idan ruwan gidanka mai laushi ne, wato ba shi da ma'adinai da yawa, sabulun ya yi yawa, a hankali tambulan na gilashi sukan dusashe, kuma irin wannan dusashewar ba ta gyaruwa, sabulun ne ya ci gilashin.

Ni gari na zaɓa. Ina rage shi idan kwanukan ba su yi dauɗa ba, ina ƙarawa idan sun yi. Ina kuma barbaɗa ɗan kaɗan a jikin ƙofa ta ciki, saboda injin yakan fara da watsa ruwa kafin akwatin sabulu ya buɗe, kuma ɗan garin nan yana kwashe yawancin maiƙon tun a zagayen farko. Sai dai a ajiye shi inda damshi ba ya kai wa, in ba haka ba ya daskare, a kuma ɗaga shi sama da inda hannun yaro zai kai, don yana ƙona baki da ido.

Kafin ka yanke shawara, gwada ruwanka. Takardar gwaji ta zo a cikin kwalin injina, ta nuna ruwanmu yana da yawan kalsiyam da magniziyam, waɗanda suke barin farin tabo kamar alli a jikin gilashi. Maganinsa gishirin inji ne, mai manyan ƙwayoyi, da ake zubawa a wani rami a ƙasan injin. Ba ya taɓa kwanuka, aikinsa sabunta abin da yake tace ma'adinan ne. Gishirin girki bai dace ba, don ana haɗa masa abin hana daskarewa. Akwai kuma ruwan ɗauraya, wanda yake sa ruwa ya zame daga jikin faranti maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo. Dunƙulen da aka ce ya haɗa komai bai ishi ruwa irin namu ba, sai da gishirin.

Ba na ɗauraye faranti kafin in saka, kankare ragowar abinci kawai nake yi, in ciro matatar ƙasa in wanke ta duk mako. Tukunyar alminiyam, muciya da katakon yanka kuwa har yanzu da hannu nake wanke su, domin sabulun yana baƙanta alminiyam, zafin kuma yana tsaga itace.