Sharhi na kan maganin Ayurveda da na gwada wa kirci a Indiya

Tunda mutane sun dame ni da tambaya wai maganin gargajiyan Indiya yana raba mutum da kirci ko kuwa duk surutu ne, bari in faɗi abinda na gani da fatata. Amsar a taƙaice ita ce ya rage min wahala sosai amma bai warkar dani ba, kuma cikin abubuwan da aka bani akwai wanda ko kyauta ne bazan sake ba.

Kircin da nake nufi shine wanda likitoci ke kira egzima, mai ƙaiƙayin tsiya da bushewar fata, ka sosa har ya tsage ya fara ruwa. Ba kyasfi bane fa, dan a gida duk wani tabo fari-fari sai kaji ance egzima ne, kyasfi kuwa ƙwayar cuta ce daban da maganinta daban. Nawa tun ina yaro yake, bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, kuma a gidanmu akwai masu asma, ance sau da yawa tare suke bin jini. Da naje karatu Bangalore sai abin ya tashi gadan-gadan, ruwan borehol ɗin unguwarmu mai gishiri-gishiri ne, kana fitowa daga wanka fatarka tayi fari fat ta ɗaure, dare yayi kuma babu bacci sai susa.

Wani ɗan ajinmu ɗan jihar Kerala ne ya kaini gurin wani vaidya, haka suke kiran likitan Ayurveda. Nan fa na fara mamaki, ni na ɗauka irin masu baza tabarma a kasuwa da lasifika zan tarar, ashe asibiti ne sosai da kati da layi da kantin magani. Mutumin digiri gareshi, BAMS suke ce masa, shekara 5 da rabi ake yi. Gwamnatin Indiya ma'aikata guda ta ware wa irin wannan magani tun 2014, sunanta AYUSH, kuma a Kerala akwai tsohon gidan magani na Kottakkal da aka kafa tun 1902 har yau suna haɗa magani. Gaskiya ta fannin tsari sun yi mana nisa, wannan dole in faɗa.

Ya riƙe min hannu ya daɗe yana jin bugun jijiya, ya duba harshe, ya tambayeni abinda nake ci da yanda nake bayan gida da lokacin da nake kwanciya, tambayoyin da ba wani likitan da ya taɓa tsayawa yayi min. Yace sunan ciwon a gurinsu vicharchika, wai jikin mutum abu uku ke juya shi, vata da pitta da kapha, nawa sun rikice sun ɓata jini shine yake fitowa ta fata. Toh ni dai wannan bayanin bai shigeni ba har yau. Abinda na sani shine fatar mai egzima bata riƙe danshi yanda ya kamata, ruwa na fita da sauri, sabulu da ƙura da gumi su samu hanyar shiga su tayar da kumburi, ka sosa ka ƙara yage ta, ƙaiƙayin ya ƙaru, haka abin ke ta zagayawa. Amma na ce tunda nazo bari in bi.

Man shafawa shine abinda yafi komai amfani. Farko ya bani nalpamaradi, ana haɗa shi da ɓawon itatuwa huɗu dangin ɓaure da cediya da kuma kurkum, sai dai inda fatar ta tsage yana min zafi, da na koma na faɗa masa sai ya canza min zuwa wani da aka dafa a man kwakwa, eladi. Ka shafa ka barshi ya ɗan jima sannan kayi wanka da ruwa mai ɗan ɗumi ba mai zafi ba, kuma ya hanani sabulu gaba ɗaya a guraren, garin wani koren wake nasu ake kwaɓawa a cuɗa dashi. Cikin 'yan makonni tsagewar ta rufe, na fara bacci har asuba ban farka ina susa ba, wallahi wanda bai taɓa wannan ciwon ba bazai gane daɗin wannan ba. Sai dai fa ni a ganina rabin aikin ba ganyen bane yayi shi, man ne da kuma barin sabulu mai ƙarfi da yin abin kullum ba fashi. Da can sai ya tashi nake tuna mai. Nalpamaradi kuma ku sani yana rina kaya, singiletina duk sun koma rawaya, zanin gado ma bai tsira ba.

Sai kuma maganin sha. Akwai kashayam, ruwan dafaffen sassaƙe ne da ganye, ciki harda darbejiya wato dogon yaro wanda dama asalinta daga can yankin Indiya aka kawo mana ita, ana sha da safe kafin a ci komai, ya fi maɗaci ɗaci, nakan toshe hanci in haɗiye. Ban iya cewa ga abinda ya min ba. Abinci kuwa jerin haramci ya bani, ba kindirmo musamman da dare, ba haɗa kifi da madara, a rage tsamiya da yaji da gauta da soye-soye. Na bi na wani lokaci ina lura, abinda na gane shine yaji in yayi yawa yana sani gumi, gumin kuma ke tayar min da ƙaiƙayi. Kindirmo da kifi na koma musu ban ga komai ba. Kada wani yaje ya hana ƙaramin yaro madara da ƙwai da kifi dan wannan jerin ba tare da likita ya gwada shi ba, yunwa zata kama yaro a banza.

Wanda bazan sake ba shine virechana, ɓangare ne na abinda suke kira panchakarma, wankin ciki kenan. Kwanaki kana shan man shanu da aka dafa da magani mai ɗaci, kullum ana ƙara yawansa har ka ji ko warinsa baka so, sannan tausa da mai da sirace, sannan a baka maganin da zai sa ka wuni kana zarya banɗaki, bayan nan kuma sai kunun shinkafa tsululu. Siracen ma tayar min da ƙaiƙayi yayi dan zafi abokin gabar wannan ciwon ne. Na rame, na galabaita, ga alwala bata tsayawa ranar, ga shi shine mafi tsada a duk abinda na biya, mai da kashayam kam basu da wani tsada. Fatar tayi ɗan kyau bayan nan amma a lokacin ina ta shafa mai, to wa zan ba lada?

Maganar ƙwayoyi kuma ku buɗe kunne. Akwai reshen Ayurveda da ake kira rasa shastra wanda da gangan suke saka ƙarafa a magani, su a ganinsu an tace gubar ta fita. A 2004 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken da aka yi a Boston ta Amurka, cikin magungunan Ayurveda 70 da aka saya a shaguna, guda 14 na ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar asanik. Mu da muka ga abinda gubar dalma tayi wa yara sama da 400 a Zamfara a 2010 bai kamata a zauna ana mana dogon bayani ba. Akwai kuma wani tsiro mai suna giloy da akayi ta sha lokacin korona, likitoci a Mumbai suka bada rahoton ya taɓa hantar wasu a 2021. Shi yasa da ya rubuta min wata ƙwaya na tambayeshi kai tsaye ko akwai ƙarfe a ciki, yace wannan ta farar wuta ce, duk da haka nace a barni da mai da kashayam, bai ji haushi ba. Na kuma je nayi gwajin hanta a wani asibitin daban, lafiya lau ya fito alhamdulillah. Masu saye a intanet ko gurin 'yan kasuwa ba takarda ba jerin abinda ke ciki, kuna wasa da ƙodarku.

Inda muka rabu da vaidya shine zancen wai zai fita daga tushe. Da na dawo gida hunturu ya kama a Kano, iska ta bushe, sai gashi ya dawo bayan gwiwa kamar bai taɓa tafiya ba. Likitan fata ya bani man sitiroyid na 'yan kwanaki ya kwanta, yace a daina da zarar ya lafa, matsalar tana gurin masu shafa shi wata da watanni ko masu neman haske dashi har fata ta yi siriri. Yanzu haka nake yi, in ya tashi da ƙarfi ko ya fara ruwa mai ɓawon rawaya asibiti nake nufa dan wataƙila ƙwayar cuta ce ta shiga, sauran ranaku kuma mai safe da dare, da fitowa daga wanka tun jiki da danshi. Eladin da na taho dashi ya ƙare tuni, na koma man kwakwa zalla, lokacin sanyi in haɗa da man kaɗanya, kuma bambancin da nake gani ɗan kaɗan ne. In zaka gwada kowane irin mai, fara ɗiga shi a ƙaramin guri a damtse ka bari ya kwana biyu tukunna, dan akwai wanda kurkum ko darbejiyar kanta ke ƙona wa fata, man darbejiya kuma kada a kuskura a ba yaro ya sha.