Keken doguwar tafiya: wanne za ka saya kafin ka bar Zariya?

Hawan keke daga Tudun Wada zuwa kasuwar Sabon Gari daban, ɗaura kaya ka nufi Kano daban. Tsakanin Zariya da Kano akwai kilomita 150 da 'yan kai, Kaduna kuwa kusan 80, in kuma Jos ka nufa ta Pambeguwa da Saminaka, to ka haura 200, ga hawa a ƙarshen tafiyar. Samari kan tare ni su ce wane keke za su saya don irin wannan tafiya, kuma amsata ba ta canzawa: sayi wanda mai facin ƙauye ya san kansa.

Ga dalilina. Tafiyata ta farko zuwa Kano da wani siririn keken tsere na gwanjo na yi ta. Na wuce Tashar Yari da kaɗan, wajen la'asar, ƙafar baya ta sace. Na tura shi har wani ƙauye inda na tarar da dattijo mai faci a gindin darbejiya. Ya ciro tub, ya tsoma a ruwan kwano, ya ga inda kumfa ke tashi, ya kankare, ya shafa sholisho, ya manna. Da aka zo busawa sai famfonsa ya ƙi kama bakin bawul ɗin, domin irin siririn nan ne da ake kira Presta. Ya juya shi a hannu ya ce, "Yaro, wannan ba irin namu ba ne." Na ce, "Baba, to yaya za a yi?" Ya yanko guntun roba ya naɗa, ya sa jikansa ya danne da yatsu, muka samu iskar da za ta ɗauke ni. Magariba ta riga ta kawo jiki, ya hana ni wucewa. A zaurensa na kwana, aka kawo tuwon masara da miyar kuka, da asuba kuma ya ƙi karɓar ko sisi. Mutanen hanya suna da niyyar taimako ƙwarai, amma hannunsu ba ya kaiwa sai ga abin da suka saba gyarawa.

Na farko a kasuwa shi ne baƙin keken iyayenmu, mai birkin sanda da ƙafa mai inci 28. Raleigh na birnin Nottingham a Ingila shi ya kafa wannan suna a ƙasar Hausa, daga baya Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka cika gari. Ƙarfe ne zalla, nauyinsa ya kai kilo 20, kariyarsa tana ɗaukar buhun masara ba ta ko gezau. Babu garin da za ka shiga a rasa tayarsa, ko boris ɗinsa, ko wanda zai kwance shi ya mayar ido rufe. In gangar jikinsa ta tsage, kowane mai walda zai ɗinke ta. Aibinsa biyu ne. Ba shi da giya, don haka duk hawa sai ka sauka ka tura, kuma lokacin hunturu iskar da ke busowa daga arewa maso gabas tana dukan ƙirjin mai zuwa Kano tun safe. Birkinsa kuma ba ya kamawa sosai idan ruwa ya jiƙa ƙafar. Duk da haka ban raina shi ba. Bajamushen nan Heinz Stücke ya bar gida a 1962, ya shafe shekara fiye da 50 yana zaga duniya, kuma mafi yawan tafiyar a kan keken ƙarfe mai giya 3 kacal ya yi ta.

Wanda ni nake ba da shawara a kai shi ne keken hawan dutse na gwanjo, tsohon yayi, mai ƙafa inci 26, gangar jikin ƙarfe, marar shokazoba. A nan ya kamata mai saye ya zauna ya natsu. Giya 18 ko 21 ta wadatar. Abin nema shi ne giyar ƙasa mai laushi da za ta haye tudu da kai da kayanka ba tare da gwiwa ta yi tsami ba. In ka ga sunan Shimano a jikin abin canza giyar, alama ce mai kyau, amma ka hau ka canza su ɗaya bayan ɗaya ka ji ko sarƙa tana tsalle. Tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu: in ya manne a jikin keken, ƙarfe ne; in ya faɗi, alminiyam ne, wanda ya fi sauƙin nauyi amma ba kowane mai walda ke iya masa ba. Duba kusa da gindin ƙafar baya ko akwai 'yan ramukan da ake ɗaure kariya da noti. Ƙirga wayoyin ƙafar, 36 sun fi 32 juriyar kaya. Ɗaga keken ka juya ƙafa ka ga ko tana rawa. Birki kuma ka zaɓi na waya mai robar da ke matse bakin ƙafa, domin wayar birki da roba ana samunsu ko'ina. Birkin faifai mai aiki da mai yana kamawa da kyau, sai dai ranar da ya yi yoyo a tsakanin Kwanar Dangora da Kura, babu mai taɓa maka shi.

Akwai sababbin kekuna masu sheƙi, da shokazoba gaba da baya, da araha mai jan ido. Araha ba ta ado. Shokazobar tana shanye ƙarfin da kake zubawa a feda, ba ta barin a ɗaura kariya yadda ya kamata, kuma ba ta daɗewa. Ka wuce su.

Keken tsere kuwa, mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya, gudu ne da shi a kwalta mai kyau, amma gefen titinmu yashi ne da tsakuwa da ƙusa, kuma tirela za ta tilasta maka sauka gefen sau da yawa a yini. In dai shi ranka ya kwanta da shi, ka tafi da tub biyu, da famfonka, da ɗan ƙarfen da ake murɗawa a bakin Presta ya koma irin na babur. Ka kuma kula da wani tarko: tayar da ake kira 700C wani lokaci akan rubuta mata 28, alhali ba ɗaya take da ta baƙin keke ba. Duba ƙananan lambobin da ke jikin tayar. Ta baƙin keke 635 ce, ta tsere 622, ta ƙafa 26 kuma 559. Wadda ba lambarka ba, ba za ta zauna ba ko an yi dambe da ita.

Kada kuɗinka ya ƙare a kan keken kaɗai. Ware na sababbin tayoyi masu kauri, da sirdin da ya dace da kai, da fitila gaba da baya, da hular kwano, da sifana, da kayan faci. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, kuma a zafin Maris da Afrilu lita 3 ba ta kai ka azahar, don haka kariya mai ƙarfi ta fi fenti muhimmanci.

Sauran kuma jama'ar hanya ne. A 2023 wani matashi ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, ya taka keke kusan kilomita 4,000 yana neman shiga jami'ar Azhar. Da ya isa Chadi labarinsa ya bazu, mutanen da ba su san shi ba suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Masar. A nan gida ma "baƙonka annabinka" ba a baki kawai ta tsaya ba, amma akwai ladabinta. In dare zai same ka, shiga gari da sauran rana, yi sallama, nemi mai unguwa ko liman, faɗi sunanka da inda ka fito da inda za ka. Tambayi direbobi a tasha halin da hanya take ciki kafin ka kama ta, musamman ta yamma wajen Giwa da Birnin Gwari, kuma in sun ce kada ka bi, kada ka bi. Ba a tafiyar dare.

Kafin ka biya, roƙi mai keken ya bar ka ka zaga da shi. Bayan ka saya, ɗaura masa duk kayan da za ka tafi da su, ka je Shika ka dawo, ko ka zaga gindin dutsen Kufena. Notin da zai kwance da wurin da sirdi zai ci ka duk za su bayyana a wannan ɗan zagayen, kana kusa da mai gyaran unguwarku.