Tafiyar yini ɗaya zuwa Badagry: abin da ake tallatawa da abin da iyali ke tararwa

Da zarar Disamba ta kama, tallan tafiyar Badagry kan fara yawo a zaurukan WhatsApp na ikilisiyoyin sashen Hausa a Legas, daga Agege da Idi-Araba har barikin Ikeja da na Ojo. Ko wa ya shirya, tsarin kusan ɗaya ne. Mota ta kwashe jama'a a ƙofar majami'a, ɗan jagora ya zaga da su wuraren tarihi, a tsallaka ruwa zuwa tsibirin Gberefu, a ci abinci a bakin teku, a juyo da yamma. Tafiyar ta ci kuɗinta, musamman ga iyali mai yara 'yan makarantar Lahadi da suka kai shekara 8 zuwa sama. Aibinta ɗaya ne, kuma ya zama ruwan dare a wannan sana'a. Tarihin ikilisiya, wanda shi ne dalilin zuwan Kirista Badagry, shi ake yi wa gaggawa, sannan a je a kashe sa'o'i a bakin teku, alhali teku ko a Lekki akwai shi.

Ranakun da aka fi sawa su ne 26 ga Disamba, 1 ga Janairu, da Litinin ɗin Ista da ake ce wa zuwa Galili. A cikin ukun, 26 ga Disamba ta fi, don rani ne, yashi a bushe yake. Ranar 1 ga Janairu jama'a sun kwana a sujadar tsallake shekara, ba mai iya fitowa da asuba, kuma tafiyar Badagry da ba a fara da asuba ba ta riga ta lalace. Litinin ɗin Ista tana faɗowa a Maris ko Afrilu, lokacin da ruwan sama ya fara sauka a Legas, don haka sai a haɗa da lema. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada kuwa, kada ma a soma. Kafin a gama gaishe-gaishe da taron Zumuntar Mata azahar ta yi, a isa can ana shirin rufe gidajen tarihi.

Kafin a ba da kafin alƙalami, a zauna da mai shiryawa a warware abin da kuɗin ya ƙunsa, a rubuce. Nan ne rigima ta fi tasowa. Wuraren tarihin Badagry ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Benen 'yan mishan na hannun cocin Anglican, gidan tarihi na Heritage Museum na gwamnatin jihar Legas ne, gidajen tarihin bayi na Mobee da na Seriki Abass kuma zuriyar masu su ke kula da su. Kowanne da kuɗin ƙofarsa, jirgin ruwa ma da nasa. Talla mai araha sau da yawa kuɗin mota da na ɗan jagora kawai ta ƙunsa, sai an isa ƙofa ta farko a ce kowa ya sa hannu a aljihu. Uba mai mata da yara huɗu, ƙofa huɗu da jirgi, biya 30 ke nan da bai yi lissafinsu ba. A tambaya ko yara rabin kuɗi ne, ko jirgin zuwa da dawowa ne, ko abinci na ciki. A kuma riƙe tsabar kuɗi masu canji, don tura kuɗi ta waya kan maƙale a bakin ruwa, masu POS kuma sun san ranar biki ce.

Batun mota, Hiace mai kujera 14 ko 18 ta ishi iyali biyu ko uku. Ƙungiya kamar kwaya ko matasa sai Coaster mai ɗaukar kusan mutum 30. A ƙirga kujeru da yaran duka, ban da jinjiri na goye. Ɗora yaro ɗan shekara 7 a cinya na sa'a uku cikin cunkoso azaba ce ga shi da uwar. A bar kujerar baya ga kula da ledojin ruwa. Wani daga cikin dattawan ikilisiya ya je ya ga motar da idonsa tun ana gobe tafiya: tayoyi, safaya, jak, takardu, da ko na'urar sanyaya iska tana aiki da gaske. Motar da aka nuna a hoto ba kullum ita ke zuwa ba.

Hanyar ba ta wuce kilomita 60 daga Mile 2 ba, amma ba a auna ta da kilomita. Wanda ya wuce Mile 2 da ƙarfe 6:30 na safe zai iya shiga Badagry kafin 9. Wanda ya makara zai sha gosulo a Alakija, Trade Fair, Iyana Iba da Okokomaiko, inda masu danfo ke lodi a kan titi, ga masu shiga kasuwar Alaba Rago. Mazauna Ojo sun huta, rabin wahalar tana bayansu. Daga Agbara zuwa gaba shingayen jami'an tsaro ne bi da bi, 'yan sanda da kwastam da na shige da fice, domin hanyar ce ke kaiwa iyakar Seme da jamhuriyar Benin. Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa, na NIN ko na zaɓe. Mota cike da masu jin Hausa a hanyar kan iyaka ba ta rasa shan tambaya, kati a hannu shi ke gajarta maganar. Kada kuma wani ya yi sha'awar sayen buhun shinkafa mai araha a hanyar dawowa, zai tsayar da motar kowa.

Tsarin zagayen shi ne wurin da ya kamata iyali su kafe. A fara da wurin bishiyar Agia, kusa da babban ɗakin taro na garin. A ƙarƙashinta ne Thomas Birch Freeman na mishan ɗin Methodist ya yi wa'azi ranar 24 ga Satumba 1842, a nan kuma shi da Henry Townsend na CMS, mishan ɗin cocin Anglican, suka yi sujadar Kirsimeti a Disambar shekarar, wadda ake ɗauka ita ce Kirsimeti ta farko a ƙasar da ta zama Nijeriya. Bishiyar ta faɗi a 1959, ginshiƙin tunawa ne a wurin yanzu. A gaya wa yara tun a mota, don kada su sauka suna neman inuwa. Ba wani abin kallo mai yawa, minti 20 ya isa, shi ya sa masu shiryawa kan nuna shi ta taga su wuce. Kuskure ne. Ga jama'ar da suka yi Kirsimeti jiya, babu wurin da ya fi dacewa a tsaya a buɗe Littafin Waƙoƙi a rera ɗaya, fasto ko dattijo ya karanta Luka sura 2 ya yi addu'a.

Daga nan sai benen 'yan mishan da ke kallon ruwa a titin Marina. An sa harsashinsa a 1842, Rabaran Gollmer na CMS ya kammala shi a 1845. Ana tallata shi da sunan bene na farko a Nijeriya, maganar da ɗan Arewa zai ji ya yi murmushi, tunda hasumiyar Gobarau ta daɗe a tsaye a Katsina kafin a haifi kakan Gollmer. A ce bene na farko irin ginin Turawa, sai a zauna lafiya. Wannan bai rage masa daraja ba. A nan Samuel Ajayi Crowther ya zauna, kuma ana nuna ɗakinsa da tsohon Littafi Mai Tsarki na Turanci da na Yarbanci a cikin gilashi. Ɗan jagora nagari zai ɗinke labarin: yaron da aka kama bawa a Osogun a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi aka kai shi Saliyo, ya dawo mai bishara, ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin Anglican a 1864. Abin da ba za a ji daga bakin ɗan jagora ba, sai iyaye su ƙara da kansu, shi ne inda labarin ya taɓo mu. Crowther ya yi tafiyar kogin Kwara ta 1841 tare da J. F. Schön, wanda ya yi aiki sosai a kan harshen Hausa. 'Yan mishan Gowans da Kent da Bingham, waɗanda aikinsu ya haifi mishan ɗin SIM sannan ikilisiyar ECWA, a Legas suka sauka a Disambar 1893. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932. Yaron da ya ga na Yarbanci a gilashi, aka ce masa namu ya zo bayansa da shekaru masu yawa, ya koma gida da abin da makarantar Lahadi ba ta ba shi ba.

Benen ƙarami ne, matakalarsa ta katako ce mai tsayi da ƙunci. A shiga rukuni-rukuni, mutum 8 zuwa 10, tsofaffi masu ciwon gwiwa su tsaya a ƙasa. Idan Coaster guda ta afka ciki lokaci ɗaya, na baya ba ya jin komai sai zufa. A harabar akwai tsohuwar rijiya da masu jagora ke yabon ruwanta, har wasu baƙi kan ɗura a gora su tafi da shi. A ware wa wurin nan aƙalla minti 45, ko da mai shiryawa yana duban agogo. Bayanin da Turanci ko Burokan ake yi, don haka a naɗa mutum ɗaya da zai riƙa juya wa iyaye mata da Hausa, a gaya wa ɗan jagora ya riƙa dakatawa.

Gidajen tarihin cinikin bayi uku ne a kusa da juna, kuma zaga su duka maimaici ne. Heritage Museum, wanda ke cikin tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863, ya fi tsari da fili. Gidan Seriki Williams Abass ya fi taɓa zuciya, don ɗakunan da ake tsare bayi suna nan, ƙanana, da 'yar taga ɗaya can sama. Biyu sun isa. Akwai al'adar rataya wa baƙo sarƙar wuya ya ji nauyinta a ɗauke shi hoto. Manya su yi in suna so, amma yara ƙasa da shekara 8 gara su zauna a waje da wata inna, don bayanin yadda ake huda leɓe a sa kwaɗo ba na kunnensu ba ne.

Tsallakawa Gberefu 'yan mintoci ne a ruwa, amma nan ne haɗarin tafiyar yake. Kowa ya sa rigar ceto a ɗaure ta, kuma a duba akwai ƙanana daidai yara. Rigar babba a jikin yaro sulluɓewa take yi ta kai idan ya faɗa ruwa. In babu, yaron ya zauna a gaɓa. Ranar biki masu jirgi kan so su cika shi maƙil don su yi sawu da yawa. Shugaban tafiya ya ƙirga, ya raba jama'a sawu biyu, ya karɓi lambar wayar mai jirgin, a kuma riƙe rabin kuɗinsa sai ya dawo da kowa. Daga gaɓar tsibirin zuwa wurin da ake kira Point of No Return, inda a da ake loda bayi a jirgin ruwa, tafiyar minti 20 zuwa 30 ce a ƙasa, cikin yashi da rana, ana wuce rijiyar da ake cewa bayi na sha su manta gida. Takalmin Kirsimeti mai tsini da sabon anko ba nasu ba ne wannan hanya. Silifas mai maɗauri, hula ko ɗankwali, da gorar ruwa a hannun kowa. Mai juna biyu da mai hawan jini su yi zamansu a Marina. Tekun can kuma na kallo ne. Igiyarsa tana ja da ƙarfi ta ƙasa, galibinmu kuwa a tudu muka tashi, ba mu iya iyo ba. A ja layi a yashi, a sa matasa biyu su tsare yara.

Abincin da masu shiryawa ke kawowa yawanci dafa-duka ce da yankan kaza a roba, an zuba tun asuba. Shinkafar da aka rufe da zafinta ta yi sa'a shida a bayan mota takan yi gumi ta fara tsami, musamman in an haɗa ta da salak mai mayonis. Zumuntar Mata sun fi kowa iya wannan. A cire kuɗin abinci daga cinikin, su dafa da kansu, a zuba a babbar kula a raba a can. Soyayyen naman da ya rage na Kirsimeti, cincin, dafaffen ƙwai da biredi ba sa ɓaci. Ruwa a lissafa lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, wato leda uku ta ruwan leda, ga ƙari don wanke hannu. Babbar jaka mai leda 20 ba ta wuce mutum shida ba. Kwakwa kam kada a saya daga gida, Badagry garinta ne, ɗanya za a fasa a sha ruwan. Banɗaki ya yi ƙaranci a tsibirin, a kai yara su zaga tun kafin a hau jirgi.

Mota ta juyo da ƙarfe 3:30, ko mutane sun so ko sun ƙi. Bayan 5 masu dawowa daga Seme da masu tashi daga kasuwannin Alaba da Trade Fair duk sun hau titi, mazaunin Agege ko Ajah sai ya kai 10 na dare bai ga ƙofarsa ba. Wasu direbobin kuma kan nemi ƙarin kuɗi idan dare ya yi, don haka lokacin dawowa da abin da za a biya in an wuce shi su shiga cikin takardar yarjejeniya tun farko. A rubuta sunayen kowa a takarda ɗaya, a kira su sau uku: a ƙofar majami'a, bayan an sauko daga jirgi, da kafin direba ya tada mota.